Ban Taɓa Fashin Aiki Ba, Ta Yaya Za A Ce Mini Mashayi?

Assalamu alaikum Likita. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 41, ni akanta ne a wani kamfani a Kaduna, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Na fara shan giya shekara 11 da suka wuce, lokacin da aka tura ni aiki wani gari inda ba wanda ya san ni. Da farko kwalba ɗaya ce ran Asabar. Yanzu idan na tashi daga ofis nakan biya wani wuri in sha manyan kwalabe uku kafin in tuƙa zuwa gida, Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar kuma takan kai shida. Lahadi nakan ce hutu ne, amma wani lokaci kafin magariba sai in rasa sukuni, sai na fita. Ba na tangaɗi, ba na surutu, ban taɓa fashin aiki ba, bara ma ƙarin girma aka yi mini. Duk azumi ina ajiye ta gaba ɗaya har bayan salla. A azumin bara dai na yi rashin lafiya kwana ukun farko, hannuna na rawa, ga gumi, ga rashin barci, mai kemis ya ba ni maganin maleriya. Watan jiya maiɗakina ta ga kwalba a but ɗin mota, ta kira ni mashayi, ta ce za ta gaya wa yayana. A satin nan kuma sakamakon gwajin lafiyar da kamfani ke yi mana duk shekara ya fito, an zagaye wani abu wai shi GGT da jan biro. Likitan ya tambaye ni ko ina sha, na ce a'a. Tambayata ita ce, mutumin da yake riƙe da aikinsa da gidansa, kuma yake iya bari wata guda cur, za a ce yana da matsala? Ta yaya ku likitoci kuke ganewa? Kuma gwajin jinin nan zai iya tona mini asiri a wurin aiki?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunanka a sakaye yake, ka kwantar da hankalinka.

Mu fara ajiye kalmar nan "mashayi" a gefe. Kalmar gori ce, maiɗakinka ta faɗe ta cikin ɓacin rai da tsoro, kai kuma tun ranar kake ta tara shaidun da za su wanke ka. Idan Bahaushe ya ce mashayi, wanda yake gani a ransa shi ne mutumin da ya yi mankas ya kwanta a bakin kwata, yara na binsa da tsokana. Muddin da wannan mutumin kake auna kanka, kullum kai za ka ci shari'a. Mu a asibiti babu wannan kalmar a takardunmu. Hukuncin giya a addini kuwa ka san shi kamar yadda na san shi, ba shi ka tambaye ni ba, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar magana a kai. Abin da zan iya yi maka shi ne in zaunar da kai kamar ka shigo ɗakin duba marasa lafiya, in bi da kai ta hanyar da muke bi, da bayanan da kai da kanka ka ba ni.

Lissafi ake farawa da shi, kuma na ji daɗi da ka ce kai akanta ne. Likita ba ya ƙirga kwalba, don wata kwalbar ta fi wata. Abin da ake ƙirgawa shi ne tsantsar sinadarin da ke sa maye a cikin abin shan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 10 na wannan sinadarin a matsayin awo ɗaya. Babbar kwalbar da ake sayarwa a nan mililita 600 ce, kuma yawancinsu ƙarfinsu wajen kashi 5 cikin ɗari ne, yana nan a rubuce a takardar da ke jikin kwalbar. Kashi 5 na 600 ya ba da mililita 30, a ninka da 0.79 don a mai da shi nauyi, an sami kusan giram 24. Ke nan abin da kake kira "ɗaya" awo biyu ne da kusan rabi, ukun da kake sha kowace yamma kuwa awo bakwai ne. In baƙar nan ce mai ɗaci, wadda ƙarfinta ke kai kashi 7.5, kwalba guda awo uku da rabi ce. Haɗa kwalabe 15 na ranakun aiki da 6 na Asabar, 21 ke nan, ko da mun yi maka uzuri mun ce Lahadi ba ka taɓawa. Wajen giram 500 a mako, rabin kilo na tsantsar abin. Ga abin kwatance: tun 2016 hukumomin lafiya na Ingila, ƙasar da shan giya ba abin kunya ba ne, suka ce kada namiji ko mace su wuce abin da ya yi daidai da giram 112 a mako, wanda bai ma kai manyan kwalabe biyar ba. Ka ninka wannan fiye da sau huɗu. A farkon 2023 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babu wani adadi da za a ce ba shi da illa.

Akwai abin da bai shiga lissafin ba. Ka ce a waje kake sha kafin ka koma gida. To ta but ɗin motar fa, ta yaushe ce? Ba sai ka ba ni amsa ba, amma duk akanta ya san abin da ake kira kuɗin da suka fita ba su bi ta littafi ba.

Motar kanta tana damuna. Hanta tana narkar da wajen awo ɗaya ne a awa guda, kuma ba ta ƙara sauri don an sha kofi, ko an tauna goro, ko an watsa ruwan sanyi. Wanda ya fara sha ƙarfe shida ya kama sitiyari ƙarfe tara bayan awo bakwai, fiye da rabin abin da ya sha yana nan a jininsa. Ta daren Asabar kuwa takan kai hantsin Lahadi ba ta gama fita ba.

Ka kawo mini "ba na tangaɗi" a matsayin shaidar da za ta kare ka, alhali a wurina shaidar mai ƙara ce. Mutumin da bai saba ba, in ya sha awo bakwai cikin awa uku sai an riƙe shi. Kai da ka fara da kwalba ɗaya a mako, yanzu uku ba sa nuna maka, don ƙwaƙwalwarka ta gyara zama ta saba aiki da giya a jiki. Wannan sabon yana cikin manyan alamomin da muke nema. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta koyi ɓoyewa. Hanta da ciki da zuciya da jijiyoyi suna karɓar dukan ne cikakke.

Bayan lissafi sai tambayoyi. Wanda aka fi amfani da shi a duniya wani jerin tambayoyi goma ne da ake kira AUDIT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 bayan an gwada shi a ƙasashe shida, ciki har da Kenya. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 4, jimla 40. Huɗu daga ciki wasiƙarka ta riga ta amsa su. Sau nawa kake sha? Sau huɗu ko fiye a mako, maki 4. Awo nawa a ranar da ka sha? Bakwai zuwa tara, maki 3. Sau nawa kake shan awo shida ko fiye a zama ɗaya? Kusan kullum, maki 4. Ko wani ɗan'uwa, ko aboki, ko likita ya nuna damuwa da shanka a cikin shekarar nan? Maki 4. Ka ga 15 ke nan, ba mu ma je rabi ba.

Sauran shidan ka zauna kai kaɗai ka amsa. A wata 12 da suka wuce, sau nawa ka fara sha ka kasa tsayawa? Sau nawa ka kasa yin abin da ake jira daga gare ka saboda sha? Sau nawa ka buƙaci kurɓa da safe kafin jikinka ya daidaita? Sau nawa ka ji nadama bayan ka sha? Sau nawa ka wayi gari ka kasa tuna abin da ya faru daren jiya? A waɗannan biyar, in bai taɓa faruwa ba 0 ne, ƙasa da sau ɗaya a wata 1, duk wata 2, duk mako 3, kusan kullum 4. Ta ƙarshe ita ce ko kai ko wani ya taɓa jin rauni sanadin shanka: 2 in tsohon zance ne, 4 in a shekarar nan ne. Daga maki 8 ake cewa shan ya shiga haɗari. Daga 16 zuwa 19 ya fara ɓarna, ana bukatar zama da mai ba da shawara da bibiya. Daga 20 zuwa sama ana zargin jiki ya dogara da giya, sai a tura mutum ga ƙwararre. Mutumin da ya rubuto mini wasiƙa irin taka, ba na jin tambayar nadama za ta ba shi 0.

Akwai wani gajere da ya girme shi, CAGE, na wani likitan Amurka mai suna John Ewing, tambaya huɗu kacal: ko ka taɓa jin ya kamata ka rage, ko maganar mutane kan shanka ta taɓa ba ka haushi, ko ka taɓa jin kai mai laifi ne, ko ka taɓa karya kumallo da ita. "E" biyu sun isa a zurfafa bincike. Yana da saurin yi, sai dai yakan tsallake waɗanda matsalarsu ba ta yi nisa ba.

Duka biyun rariya ce, tankaɗe kawai suke yi. Ba su ne ke yanke hukunci ba. Ana tabbatar da cutar ne da doguwar hira, ana neman wasu alamomi a rayuwar mutum cikin wata 12. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya jera guda 11. Mai biyu ko uku matsalarsa ƙarama ce, mai huɗu ko biyar matsakaiciya, daga shida kuwa ta yi tsanani. Ban tambaye ka komai ba na ƙirga maka biyar: sabon da muka ambata, tuƙi da giya a jiki, ci gaba da sha bayan ta jawo rigima a gida, ƙishirwar nan da ke hana ka sukuni ran Lahadi, da ciwon da ka yi a farkon azumi. Shidan da suka rage su ne shan fiye da abin da ka yi niyya, yunƙurin bari ko ragewa da bai ɗore ba, tafiyar lokaci mai yawa wajen sha da farfaɗowa, barin abubuwan da a da kake yi, ci gaba bayan ka san tana taɓa lafiyarka, da gaza sauke nauyin aiki ko na gida.

Ka lura aiki ɗaya ne tak cikin alamomi goma sha ɗayan nan, kuma ko shi a haɗe yake da gida. Mutum na iya cika goma yana zuwa ofis ƙarfe takwas. A abin da na gani, aiki shi ne katangar da ke faɗuwa a ƙarshe, don shi ke biyan kuɗin kwalbar, kuma shi ne shaidar da mutum ke nuna wa kansa. Kafin a taɓa shi an riga an cinye wasu abubuwan da ba sa ƙara. Yaushe rabonka da cin tuwon dare da yaranka? Yaushe rabonka da magariba da lisha a masallacin unguwarku? Zumuncin da kake yi ran Asabar a da, wa ke yinsa yanzu? A ofis ɗin ma, kafin a kai ga fashi, akwai ƙananan alamu da mai su ne kaɗai ya sani: tura aiki mai wuya zuwa bayan azahar, ƙin sa hannu a takarda a gaban mutane da sassafe, turare da cingam da kanumfari a aljihun tebur, kuskuren lissafin da ka kama kafin wani ya gani, karɓar albashi tun wata bai ƙare ba.

Shekarun baya na yi wata da watanni ina fama da hawan jinin wani babban ma'aikaci. Na ƙara magani, na sauya magani, jinin ya ƙi sauka. Kullum da yamma yake zuwa, cikin babbar riga da hula, da carbi a hannu. Ran nan ya zo ƙarfe takwas na safe don yana da tafiya. Na miƙa masa biro ya sa hannu a wata takarda, sai na ga ya dafe hannun dama da na hagu. Na ce ya miƙe hannuwansa gaba ya ware yatsu, na ɗora fallen takarda a kai. Takardar nan ta riƙa karkarwa har ana jin ƙararta a ɗakin. Sai a ranar na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun zuwansa na farko. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Likita, ban taɓa makara wurin aiki ba." Laifin jinkirin nawa ne, na dubi rigar da carbin na ji nauyin tambaya. Da yawa daga cikinmu a arewa haka muke, in mara lafiya Bahaushe ne Musulmi sai mu tsallake layin giya a takarda, ko mu yi tambayar ta yadda amsarta a'a ce kawai. Likitan kamfaninku ya yi ƙoƙari da ya tambaya.

Yanzu mu zo kan azumi, don nan ne ya sa na ɗauko wasiƙarka na sa ta gaba da sauran. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Idan dannewar ta zama ta kullum, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta wuta don ta ci gaba da aiki, kamar direban da ke tafiya ƙafa ɗaya kan birki, ɗaya kan totur. Ranar da aka ɗage birkin farat ɗaya, totur ɗin yana nan a take. Cikin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe sai rawar hannu ta fara, da gumi, da tashin zuciya, da bugun zuciya, da fargaba, da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya ko da ba su taɓa yi ba. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kuma kaɗan daga ciki kan faɗa mataki mafi muni: mutum ya ruɗe, bai san inda yake ba, yana gane-gane, yana kakkaɓe ƙwarin da ba wanda ke gani, jiki ya yi zafi, zuciya na gudu. Wannan yana kisa in ba a kai asibiti ba, kuma a wurinmu sau da yawa akan ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya, don ba wanda ya san mutumin yana sha. Ƙishirwa da yunwar azumi kuma ƙara wa abin nauyi suke yi.

Ba zan rantse cewa ba maleriya ka yi bara ba, tunda ba a gwada jininka ba. Amma maleriya ba ta duban wata. Ciwon da ya fara washegarin ajiye kwalba, ya zo da rawar hannu da gumi da rashin barci, ya lafa bayan kwana uku, kamanninsa na janyewar giya ne. Abin da ya sa na damu shi ne wanda ya taɓa yin wannan ciwon, na gaba yakan iya fin na baya tsanani. Ka tsallake bara, ba ni da tabbacin bana.

Iya bari wata guda kuma bai wanke ka ba. Mutane da yawa da jikinsu ya dogara da giya suna iya dainawa na ɗan lokaci in akwai dalili mai ƙarfi da ranar ƙarewa a gaba. Tambayar da likita zai yi maka ita ce abin da ya faru bayan salla. Kwana nawa ka yi kafin ka koma? Da ka koma, kwana nawa ka ɗauka kafin ka sake kai kwalba uku? In amsar ba ta wuce mako ɗaya ko biyu ba, to wannan saurin komawar ma alama ce.

Batun jini. GGT wani sinadari ne da hanta ke fitarwa, yakan hau in ana shan giya da yawa, amma ba giya kaɗai ke ɗaga shi ba. Ƙiba da kitse a hanta, ciwon suga, ciwon hanta nau'in B ko C, toshewar hanyar matsarmama, da wasu magunguna irin na farfaɗiya, duk suna ɗaga shi. Saboda haka shi kaɗai ba ya tabbatar wa kowa cewa kana sha, kamar yadda fitowarsa lafiya ba ta wanke mai sha, don da yawa suna sha sosai gwajinsu bai nuna komai ba. Likita yakan haɗa shi da wasu: AST da ALT, su ma sinadaran hanta ne, inda ɓarnar giya takan sa na farkon ya kusa ninka na biyun, da MCV, wato girman jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kan kumbura ga mai daɗaɗɗen sha. Akwai gwaje-gwajen da suka fi nuna giya kai tsaye, irin su CDT da PEth, amma ba kowane ɗakin gwaji ke yin su ba. Amfanin GGT a wurinka shi ne yana sauka cikin makonni in aka daina sha, sai ya zama ma'aunin da za ka riƙa gani da idonka. Lallai a gwada ka ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a ƙasar nan, kuma haɗuwarsa da giya tana gaggauta ƙanƙancewar hanta da kansarta. A yi maka hoton ciki, a auna hawan jini da suga. In kuwa ka ga idonka ya yi rawaya, wato shawara, ba irin wadda nake ba ka ba, ko cikinka ya fara kumbura, ko ka yi aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, wannan na asibiti ne a ranar.

Kan tonon asiri, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan mara lafiya ba da izininsa ba, sai a 'yan wuraren da ta keɓe, kamar umarnin kotu. Sai dai gwajin da kamfani ya biya yana iya zuwa da takardar amincewa da ka sa wa hannu ba ka karanta ba, don haka ka nemi sanin abin da ake aika wa ofis, cikakken sakamako ne ko kuwa cewa kawai kana da lafiyar aiki. In hankalinka bai kwanta da likitan kamfani ba, ka je wurin wani da kuɗinka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ce wa kowane likita a'a. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A'ar nan tana iya sa a yi ta kashe maka kuɗi ana neman cutar da ba ita ba, ko a kwantar da kai don wata tiyata, ciwon janyewa ya taso a kwana na biyu ba wanda ya shirya masa.

Ka shirya wa wasu tambayoyin ma, don likitan kirki ba zai tsaya kan kwalba ba. Zai tambayi barcinka, da ko kana fama da ƙunci ko fargaba, da wanne ya riga wani, su ko giyar. Zai tambaya ko ka taɓa jin gara mutuwa, kada ka ji haushi, kowa ake yi wa. Zai tambayi ƙwayoyi: tiramadol, kodin, maganin barci, wiwi. Haɗa giya da maganin barci ko kodin yana iya tsayar da numfashi. Zai tambaya ko akwai mai sha a danginku, don abin yana bin jini. In ka yarda, zai so ya ji daga bakin maiɗakinka, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a yanke wa mutum cuta ta wasiƙa. Amma ka tambaye ni ra'ayina, ga shi: abin da ka bayyana ya wuce ɗabi'a, ya fi kama da dogaron jiki a kan giya, aƙalla matsakaici, kuma ina zargin in aka zauna da kai zai haura haka. Yana da magani, kuma wanda ya zo da aikinsa da iyalinsa a hannu ya fi samun sauƙin fita.

Ka ga likita a cikin makon nan. A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, suna da sashen masu fama da shaye-shaye. In kana gudun idon sani, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, duk suna da likitocin wannan fannin, ko ka fara da kowane likita da ka amince da shi ya tura ka. Kafin ranar, ka buɗe shafi a wayarka ka riƙa rubuta kowace kwalba, da lokacinta, da yadda hannunka yake da safe. Ka daina tuƙi in ka sha, daga yau. Kada kuma karanta wannan amsar ya sa ka yanke ta farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ba fatawar ci gaba da sha nake ba ka ba, so nake barin ya zo da likita a kusa. Akan ba da magani na 'yan kwanaki mai kwantar da ƙwaƙwalwa, dangin diyazefam, ana rage shi a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, wani a gida, wani a gadon asibiti, gwargwadon haɗarinsa. Kada ka sayi wannan a kemis ka haɗa wa kanka. Bayan an wuce wannan matakin akwai zaman tattaunawa, akwai kuma magungunan rage ƙishirwarta, likita zai duba hantarka ya ga wanda ya dace. In har ka riga ka daina kafin ka je, ka ga rawar jiki na ƙaruwa, ko jijjiga, ko ruɗewa, a wuce da kai sashen gaggawa, a kuma faɗa musu gaskiyar dalili.

Maiɗakinka ba abokiyar gaba ba ce a wannan zancen. Matar da ta ce za ta gaya wa yayanka, har yau kuma ba ta gaya ba, asirinka take rufawa. Ka riga ta magana. Ka ce mata ka yi lissafi, abin ya fi yadda kake zato, kana da ranar ganin likita, kana so ta raka ka. Ka nuna mata sakin layin da ya yi bayanin ciwon janyewa, don ita ce za ta kasance kusa da kai da tsakar dare. Ta kuma san abu biyu da 'yan'uwa kan yi da kyakkyawar niyya su jawo ɓarna: zuba wa mutum wani magani a abinci a ɓoye wai don ya tsani giya, da kai shi gidan mari. Mutanen Kaduna ba su manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019 ba, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda ciwon janyewa ya kama a irin wannan wurin ba shi da mai ceto. In yayanka ya ji, ya ji daga bakinka, bayan ka riga ka fara zuwa asibiti.

Idan ka zauna gaban likita kunya za ta taso, za ka ji kamar ka fara da ciwon kai ko rashin barci. Ka miƙa masa takardar gwajin da aka zagaye da jan biro, ka buɗe masa shafin da ke wayarka, ka ce, "Ina shan manyan kwalabe 21 a mako, kuma da na bari bara hannuna ya yi rawa kwana uku." Sauran tambayoyin shi zai yi. In ka rubuto mini bayan ka dawo, ka haɗo da jimlar makinka na tambayoyi goman nan, da ta but ɗin motar a cikin lissafin.